Baba Wima da Danginsa Biyu

Daga Allah muke, kuma Baba, dattijon gidanmu, ya riga mu komawa gare Shi. Mun binne shi a Doha bayan sallar la'asar, muka dawo tsohon gidan da muke haya a Al Asmakh, mu 'yan Arewa masu gadi da masu tuƙi, kowa da ƙasar maƙabarta a takalminsa. Wani ɗan Zariya mai gadin banki ya zauna a kan matakala yana kuka ba kunya. Wani Bakano mai jan tankar ruwa sai maimaitawa yake, "To yanzu wa zai riƙa yi mana faɗa?" Ba'indiyen da ke da shago a bakin layinmu, wanda Baba bai taɓa sayen ko albasa a wurinsa ba sai sun yi cacar baki, ya rufe shagon tun lokacin tashi bai yi ba, ya ɗauko katan ɗin ruwa ya dire mana a tsakar gida, ya koma gefe ya tsaya.

Ba mu gama shimfiɗa tabarmi ba aka fara gardama a kan sunan mamacin.

Shugaban ƙungiyarmu ne ya tada ta, wanda muke kira Ciyaman, ɗan Jos kamar ni da Baba. Ya gyara zama ya ce, "Idan za a yi addu'a a ce Malam, a faɗi sunansa na yanka, shi ke nan. Wancan sunan na Nasara ya tsaya a kan katin aiki. Kuma yarinyar nan ta asibiti, in ta zo ta gaishe mu daga waje ta wuce. Kalas, magana ta ƙare."

Wanda bai san zaman makokinmu ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. A gidan mutuwa mutane kashi biyu ne, masu karɓar gaisuwa da masu kawo ta. Dangi su ke zama, kowa ya zo ya durƙusa ya ce musu yaya haƙuri. Maza a tsakar gida, mata a ɗaki, a tsaya daga bakin ƙofa a gaishe su. Matar Baba da 'ya'yansa suna Jos. A duk faɗin Qatar mutum biyu ya nuna da bakinsa ya ce danginsa ne, kuma su ne Ciyaman yake so a mayar baƙi a mutuwarsa. Ni kuwa an san ni a gidan, ba na iya haɗiye magana. Na ce, "Ciyaman, da ransa kun kasa raba shi da sunan nan, sai yau da ba zai iya ba ku amsa ba? Wallahi ba a gabana ba."

Sunan dai Wimmer ne, mu muna cewa Wima. Na mutanen Austriya ne, wata ƙasa a Turai da yawancinmu ba mu taɓa jin labarinta ba sai a bakin Baba. Tun zamanin haƙar kuza a Bukuru akwai wani Bature makanike mai wannan suna, mai gyaran injinan ruwa, ba mata ba ɗa. Wata shekara ciwo ya shiga barikin leburori ya kwashe mutane, ya bar marayu biyu da ba wanda ya zo nema, ɗan wani Bahaushe da ɗan wani Birom. Baturen ya kai su gidansa, ya sa su makaranta da sunansa. Bai ce wa Bahaushen ya bar salla ba, shi da kansa ma ya nemo malamin da zai riƙa yi masa karatu da yamma. Da yaƙin duniya na biyu ya tashi, Turawan Ingila suka zo suka tafi da shi saboda ƙasarsa tana ɓangaren abokan gaba, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Abin da ya bar wa yaran akwatin sifana ne, da suna, da juna. Wannan Bahaushen shi ne mahaifin Baba.

Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba an ce Baba ya canza sunan. Malamai sun faɗa masa a Jos, abokan aiki sun faɗa masa a nan. Amsarsa ɗaya ce, kuma da ƙarfi yake ba da ita. "Mutumin da ya ciyar da ubana lokacin da 'yan garinsu suka ce ba su da wuri, shi zan ji kunyar sunansa? Ku da kuke amsa sunayen garuruwanku, garin ya taɓa dafa muku tuwo?" Bakanon mai tanka ya fi kowa shan wannan, kuma kullum shi yake tsokano ta.

Direba ne a wani otal a West Bay, cikin dogayen benayen da nake gadin ɗaya daga cikinsu. Idan aka aike shi filin jirgi ɗauko baƙi, otal ɗin kan sanar da su sunan direba tun kafin su sauka. Sai Turawa su fito suna waige-waige suna neman ɗan'uwansu, su wuce dogon baƙin tsoho mai furfura da ke tsaye a gabansu. Baba sai ya bari su gama zagayensu, sannan ya taka a hankali ya ce, "Ni ne Wimmer. Rana ce ta yi min yawa." Mun ji labarin nan har mun haddace, amma duk ranar da zai ba da shi, shi ne zai fara dariya.

Wani gadon da ya ci daga gidan Baturen shi ne 'yar gwangwanin man inji da ba ta barin aljihunsa. Ba ya iya jin ƙofa tana ƙara ya wuce. Ta masallacin unguwa, ta banɗakinmu, har ta ofishin kafil ɗinsa, wato Balaraben da bizarsa ke hannunsa, duk sun sha mansa. Yana ɗigawa yana mita, "Gida cike da ƙarti, ƙofa tana kuka tun ƙaramar Sallah." Ba mai sauƙin zama ba ne, ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. In ka ci abinci ka bar kwano ba ka wanke ba, a kan matashinka za ka same shi.

Hawan jini ne ya haɗa shi da ta farko cikin danginsa biyu. Ni na raka shi asibiti ranar. Nas ɗin da ta zo auna shi baƙar fata ce, gajeriya, da sarƙar gicciye a wuya. Tana ɗaura masa abin awo a hannu sai ya tsura wa inda aka maƙala sunanta a riga ido, har na fara jin kunya. Ashe Wimmer ne a rubuce. Sai na ji ya ce da Hausa, "Ke, 'yar gidan wa ce a Bukuru?"

Abin awon ya suɓuce mata.

Ya ce, "Kakanki ba shi da ɗan yatsa ɗaya a hannun hagu, injin ruwa ya cinye. Ranar Kirsimeti ni ake aika gidanku in karɓo shinkafa, babanki kuma shi ke zuwa karɓar naman layya. A gabana ya faɗo daga kan mangwaro ya karya haƙori."

Ta zauna a bakin gadon ta rufe fuska da hannu. Jikar ɗayan marayan ce. Tun da aikin kuza ya mutu gidajen biyu suka watse, kowa ya kama gabansa, babanta ya rasu bai sake ganin Baba ba. Da ta share hawaye ta sake auna shi, ta ce, "Baba, jininka ya hau sosai fa." Ya ce, "To da me kike so ya yi? Na tsinci 'ya." Tun daga ranar bai ƙara kiranta komai ba sai 'yata. Mu kuma muna ce mata Sista.

Na biyun ni na jawo shi, da niyyar mu yi dariya. An kawo wani Bature mai haɗa lif, wato na'urar hawa sama, a benen da nake gadi, ƙato mai jan wuya, ba ya son magana. Na ga sunan Wimmer a jikin hular kwanonsa, na dawo gida na faɗa. Washegari sai ga Baba da babbar riga da turare. Ya tare mutumin a bakin lif, ya zaro katin aikinsa ya ɗora kusa da hular. Sannan ya kwashe labarin Bukuru kaf ya ba shi da Turancinsa na direba. Baturen ya saurara, ya sosa kai, ya ce a ƙasarsu masu sunan nan suna da yawa, a ƙauyensu ma akwai gidajen da ba su haɗa komai ba, kuma bai taɓa jin wani nasu ya je Afirka ba.

Baba ya ce, "Ba laifinka ba ne, yaro ne kai. Yalla, ka shirya, ranar Juma'a akwai kifi a Wakra."

Mutumin ya ɗauka wasa ne, sai da ya ji hon ɗin mota a ƙofar masaukinsa. Haka ya zama ƙanin Baba, ba tare da an tambaye shi ba. Na sha bin su bakin ruwa a Wakra da yamma. Baba yana ciniki da masunta kamar zai yi dambe, Sista tana yi masa faɗan gishiri, Baturen yana biye da su riƙe da leda, mutane sai kallo. Daga baya Baturen ya taɓa gaya min cewa ya daɗe a Doha, amma kafin Baba ba wanda ya taɓa tambayarsa ko ya ci abinci.

Kifin bai dami kowa a gidanmu ba. Abin da ya tsaya wa mutane a rai na safiyar Juma'a ne. A Doha ranar ce hutu, don haka Kiristoci ma ranar suke zuwa ibadarsu. Wurin da nisa, ga rana. Baba yana da wata tsohuwar mota. Sai ya sa kayan masallacinsa, ya je masaukin nas-nas ya ɗauki Sista, ya sauke ta a bakin ƙofar wurin ibadarsu, ya wuce masallaci, in an sallame ya koma ya ɗauko ta. Aka yi ta gunaguni. Ya ce, "Ban shiga ba, ban kuma hana ta ba. 'Yata ce, ba zan bar ta tana gasuwa a bakin titi ba." Duk da haka ba a haƙura ba.

Sai rikici ya sake ɓarkewa a Jos. Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar wasu garinsu yana cin wuta ya san abin da nake nufi. Kana tsaye da kakin gadi kana buɗe wa mutane ƙofa kana murmushi, waya tana rawa a aljihunka, ba ka san wa za a ce ya tafi ba. An kashe ƙanin Ciyaman a hanyar kasuwa. An ƙona gidan Baba, matarsa da yara suka fake a barikin soja. Ni ma shagon yayata ya tafi. Ba zan ce Ciyaman mugu ba ne. Shi ya reni ƙanin nan, shi ya yi masa aure, kuma na ga yadda ya koma cikin 'yan kwanaki.

Da Juma'a ta zagayo, Baba ya sa rigarsa ya ɗauki makullin mota. Ciyaman ya tsaya a bakin ƙofar gida, ya kafa hannu a jikin bango.

"Malam, ina za ka?"

"Inda nake zuwa kowace Juma'a."

"Jinin ƙanina bai bushe ba, gidanka yana hayaƙi, za ka ɗauki 'yarsu ka kai ta coci?"

"'Yarsu? Ranar da aka kashe ƙaninka tana nan tana ɗaura wa Larabawa ƙarin ruwa. Na yi kukan ƙaninka, Allah ya gani, kai ma ka gani. Amma ba ita ba ce."

"Sunan nan ne ya juya maka kai."

"Sunan nan ubana ya mutu da shi yana salla, ni ma da shi zan mutu in Allah ya yarda. Ita ma an kashe ɗan yayarta, ka sani? Ba ka sani ba, don ba ka tambaya ba. Matsa min kada in makara masallaci."

Ciyaman bai matsa ba. Baba ya kama hannun nan ya ɗaga kamar mai ɗaga labule, ya wuce.

Daga ranar rabin gidan suka daina cin abinci da shi. Ko a jikinsa. Sai ya zauna a tsakiyar tsakar gida da kwanonsa, ya kira ni, yana ci yana yabon miyar da ƙarfi don kowa ya ji. Amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san abin ya ci shi. Mutum ne mai son jama'a, kuma waɗanda suka juya masa bayan nan da yawansu shi ya ɗauko su daga filin jirgi ranar da suka fara taka ƙasar.

Bai daɗe ba bayan haka hawan jinin ya kayar da shi a wajen ajiye motocin otal. Ya yi kwanaki ba ya magana. Sista ta roƙa aka mayar da ita ɗakin da yake kwance. Ranar da ya cika ina bakin aiki, ba a ba ni izinin fita ba. Ita ta ga alama. Ta juya gadon ya fuskanci alƙibla, ta ruga ta kamo wani likita ɗan Sudan ya zo yana tuna masa kalmar shahada, ita ta rufe masa ido. Mu Musulmin gidansa ba ko ɗaya a wurin. Wannan ce aka ce ta gaishe mu daga waje ta wuce. Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Don haka ban tsaya jiran ƙungiya ta yanke shawara ba. Na buɗe ɗakinmu na share, na shimfiɗa tabarmar Baba, na kira Sista a waya. Ta ce, "Don Allah kada a yi faɗa saboda ni. Zan yi kukana a ɗakina." Na ce, "Ba faɗanki ba ne, nasa ne. Mu gado muka ci." Na kira Baturen ma.

Da safe ta zo da zani da babban gyale, ta shige ɗakin ta zauna a kan tabarmar. Baturen ya zo da takalman aikinsa, ya cire su a bakin ƙofa, ya zauna cikin maza yana ta fama da ƙafafun da suka ƙi lanƙwasuwa. Na koya masa ya riƙa cewa mun gode Allah. Mutane suka fara zuwa daga sauran gidajen 'yan Arewa, har daga Wakra. Na tsaya a tsaye, duk wanda ya shigo in ce masa, "Ga ƙaninsa nan, 'yarsa kuma tana ciki." Wasu suka gaishe su yadda ya kamata. Ɗan Zariyan ya durƙusa a bakin ɗakin ya sake fashewa da kuka, ita ce ma ta koma ba shi haƙuri. Wasu kuwa suka dubi gicciyen da ya leƙo ta ƙasan gyale, suka sha kunu, suka wuce wajen Ciyaman kamar shi aka yi wa mutuwar. Amma ba wanda ya wuce ban dube shi cikin ido ba.

Malamin da ke jan addu'a an riga an gaya masa abin da zai ce. Sai na je na zauna daf da shi. Duk lokacin da ya faɗi sunan Baba na yanka ya tsaya, sai in ɗora, "Wima." Ya harare ni, na ɗora. Ya yi gyaran murya, na ɗora. Kafin azahar ya gaji, ya fara faɗa da kansa.

Ciyaman bai tashi daga zaman ba, amma bayansa ya ba ɗakin har ranar sadakar uku. Ranar gidan ya cika har waje. Da aka shafa addu'a, sai na ga Sista ta fito daga ɗakin. Mata ba sa fitowa cikin maza a irin wannan zama, don haka kowa ya zuba mata ido. Na ɗauka tafiya za ta yi. Sai ta ratsa mutane ta je gaban Ciyaman, ta durƙusa har ƙasa.

"Alhaji, tun rasuwar ƙaninka na so in zo, Baba ya ce in bari zuciyarka ta huce tukuna. Ga shi bai jira ba. Yaya haƙuri? Allah ya jiƙansa."

Carbin da ke hannun Ciyaman ya tsaya. Ya dubi bango. Amma a wurinmu ba a barin ta'aziyya ba amsa, ko daga bakin wa ta fito, kuma gida cike yake da shaidu. Can ƙasa-ƙasa ya ce, "Haƙuri mun gode Allah."

Ba ta tashi ba. Tana nan a durƙushe, kanta a ƙasa, kuma ba wanda bai gane abin da take jira ba. Ta ba shi tasa gaisuwar, saura tata. Ciyaman ya miƙe, ya lalubi takalminsa, ya nufi ƙofa. Na ce a raina shi ke nan, ya gudu. Sai ya tsaya a bakin ƙofar, bai waiwayo ba, ya ce, "Allah ya ba ki haƙurin babanki."

Ta ce, "Amin, Alhaji. Na gode." Sannan ta tashi.

Bai sake yi mata magana ba tun daga ranar, ni ma har yau da ƙyar yake amsa gaisuwata, kuma ban damu ba. Da bakinsa ya faɗi kalmar nan ta "babanki", a gaban kowa, ba kuma zai iya mayar da ita ciki ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa zafin ransa, ya haskaka kabarinsa a ƙasar da ba tasa ba, ya raya abin da ya bari a Jos. Duk wanda zai ce amin, ya ce wa Malam Wima, don shi muka binne.